YouTube a Matsayin Kasuwar Furodusa Mai Cin Gashin Kansa: Abin da Take Biya da Abin da Take Ci

Furodusa mai cin gashin kansa a Kannywood shi ne wanda babu gidan talabijin a bayansa, babu kamfanin da ya ba shi kwangila. Shi ke neman kuɗi, shi ke sayen labari, shi ke sallamar darakta da jarumai da masu ɗaukar hoto, shi ke ciyar da jama'a a lokeshan, in an tafka asara kuma a kansa take ƙarewa. A zamanin kaset da faifan CD hanyar dawowar kuɗinsa a fili take: ya buga kwalin fim, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, su kwafi fim su sayar, shi kuma ya ci kuɗin kwali. Masu satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Sinima ba ta da yawan da za ta ɗauki kowa. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, gurbinta ƙididdigagge ne, ba kowa ke samu ba. Abin da ya rage wa mafi yawan furodusoshi shi ne YouTube, musamman daga 2020 da fina-finai masu dogon zango suka mamaye ta.

Hukuncinmu a kanta shi ne: rumfa ce mai kyau a tsakiyar kasuwa, ba ta karɓar kuɗin haya, amma ba ta ba da jari, ba ta biya da wuri, kuma ba yawan jama'ar da suka tsaya a gabanta ke yanke cinikin ba. Wanda ya shige ta da fim guda ɗaya yana jiran ya mayar da kuɗinsa a wata biyu zai sha wahala. Wanda ya shige ta da shiri mai fitowa duk mako, da takardunsa a kammale, da wata hanyar samun kuɗi bayan tallar YouTube, shi take yi wa rana.

Buɗe tasha kyauta ne, amma tasha sabuwa ba ta karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da ita da lambar waya. Wannan tabbatarwa ce kuma ke ba da damar ɗora hoton fuskar bidiyo na kanka, wato hoton da mai kallo ke gani kafin ya danna bidiyon. A yi ta tun ranar farko. Kafin a fara biyan kuɗin talla, sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka wuce. Adadin yana tsorata masu gajerun bidiyo, amma ga mai fim ba wani abu ba ne. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In kowane mai kallo ya zauna minti 20 a kan fitowa guda, kallo 12,000 ya cika sharaɗin. Shiri mai jarumi ɗaya da aka sani yana iya haye wannan a fitowa biyu ko uku. Mabiyan ne ke yin jinkiri, domin mutanenmu suna kallo su wuce ba tare da sun danna alamar bi ba, shi ya sa tunatarwar daƙiƙa biyar a ƙarshen kowace fitowa take da amfani.

Bayan an cika sharaɗi sai a nemi shiga tsarin biyan kuɗi, YouTube ta duba tashar, abin da kan ɗauki kusan wata guda. A nan tashoshin Hausa da yawa ke faɗuwa, kuma dalilin kusan ɗaya ne. Don a tara awanni da sauri, sai a cika tasha da tsofaffin fina-finan wasu, da guntayen waƙoƙi, da barkwancin da aka kwaso daga TikTok. Masu dubawa suna ganin haka su ce kayan aro ne, su ƙi. Wanda aka ƙi a karon farko zai jira kwana 30 kafin ya sake nema, in aka sake ƙi kuma kwana 90. Duk abin da ya fito a wannan tsakani kallonsa ya tafi a banza, alhali makon farko na fitowa shi ne lokacin da ya fi kawo kallo. Tashar da za a ɗora fim a kai kada a sa mata komai sai aikin kamfanin: tallar fim, hira da jarumai, yadda aka yi ɗauka, sannan fim ɗin kansa.

Rabon kuɗi a rubuce yake kuma ba ya canzawa da girman tasha: kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka nuna a kan dogon bidiyo na mai tasha ne, 45 na YouTube. Wannan adalci ne idan aka tuna yadda furodusa kan yi ta zarya wajen ɗan kasuwa yana bin bashin kwalinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne farashin tallar. Masu talla suna biya gwargwadon ƙasar da mai kallo yake zaune. Kallo dubu daga Amurka ko Ingila ya ninka kallo dubu daga Kano ko Maraɗi nesa ba kusa ba, na Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin mai ma ya fi na gida. Fim ɗin Hausa kuwa mafi yawan masu kallonsa suna Najeriya da Nijar. Saboda haka lambar da furodusa zai sa wa ido a YouTube Studio, shafin da mai tasha ke sarrafa tasharsa da ganin alƙalumanta, ita ce RPM, wato abin da ya shigo aljihunsa a kan kowane kallo dubu bayan an cire rabon YouTube. A ɗauki misali don lissafi kawai: in RPM dala 1 ce, fitowar da ta samu kallo 100,000 ta kawo dala 100. In shirya fitowar ya ci fiye da haka, to talla kaɗai ba ta riƙe shirin ba, ko da sharhin yabo ya cika ƙasan bidiyon. Kowace tasha da tata lambar, kuma tana hawa tana sauka. Takan ɗaga daga Oktoba zuwa Disamba lokacin da kamfanoni ke zuba kuɗin talla, ta faɗi a Janairu. Mai hikima yakan ajiye fitowar da ta fi zafi ta faɗo a ƙarshen shekara.

Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya, kuma a nan dogon fim ya fi kowane irin bidiyo samu. YouTube na iya zaɓar wuraren da kanta, amma gara mai editin ya duba ya gyara, domin na'ura takan yanke magana a tsakiya. A sa tallar a inda wani yanki na labarin ya ƙare wani zai fara. A fitowar awa guda, talla duk bayan minti 8 zuwa 10 mai kallo na iya jurewa. In aka matsa ta koma duk minti uku, mai kallon da ke lissafin datarsa zai rufe ya jira mai shagon tura fim ya sauke masa gobe, an rasa shi an rasa tallar.

Fitar da kuɗin kansa wani aiki ne. Ana biya ta AdSense, asusun Google da kuɗin talla ke taruwa a ciki, kuma mutum ɗaya asusu ɗaya aka yarda masa. Wanda ya manta ya taɓa buɗewa ya sake buɗe wani, za a tsayar da shi har sai ya rufe ɗaya. Idan kuɗi ya kai dala 10 sukan aiko da lambar sirri mai alƙaluma 6 a takarda ta gidan waya, zuwa adireshin da aka rubuta. Adireshi irin na "bayan masallacin Juma'a" ba ya isar da wasiƙa. A yi amfani da akwatin gidan waya ko adireshin ofis da ma'aikacin gidan waya ya sani, a kuma je a tambaya bayan mako uku, domin wata huɗu aka bayar a shigar da lambar kafin a dakatar da talla. Sunan da ke AdSense dole ya zo daidai da na katin shaida da na asusun banki, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya riƙe kuɗi. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100. Abin da aka tara a wata yana bayyana a AdSense tsakanin 7 da 12 ga wata mai bi masa, a turo shi tsakanin 21 da 26, sannan banki ya ɗauki nasa kwanakin. Ma'ana fitowar da aka saki a farkon Janairu kuɗinta ba zai taɓa hannu ba sai ƙarshen Fabrairu. Jarumi da mai ba da hayar kyamara ba sa jiran wannan. Duk wanda zai fara shiri ya tanadi kuɗin aikin wata uku a gefe, in ba haka ba zango zai tsaya a fitowa ta biyar. Abu ɗaya da ke faranta rai: da dala ake biya, ta asusun dala na banki, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 wannan ya zama babbar garkuwa ga mai tasha.

Akwai fom ɗin haraji na Amurka da ake cikewa a AdSense tun 2021, W-8BEN ga mutum ɗaya. Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30 daga abin da masu kallo na Amurka kaɗai suka kawo. Wanda bai cike fom ɗin ba ana iya cire masa har kashi 24 daga kuɗinsa na duniya baki ɗaya. Aikin minti goma ne, amma tashoshi na asara a kansa wata da watanni ba su sani ba.

Babban abin da ke cin kuɗin furodusan Hausa a YouTube shi ne waƙa. Fim ɗinmu ba ya rabuwa da waƙa, kuma al'adar da aka saba ita ce a biya mawaƙi, ya shiga situdiyo, ya kawo waƙa, a rabu da fatar baki. Yanzu mawaƙa suna ba kamfanonin rarraba waƙa ayyukansu don su hau Audiomack da Boomplay da Spotify, kamfanonin kuma suna yi wa waƙar rajista a Content ID, na'urar da ke sauraren duk bidiyon da aka ɗora tana neman sautin da wani ya ce nasa ne. Sai furodusa ya ɗora fim ɗin da ya kashe wa kuɗi, na'ura ta ji waƙar minti huɗu a ciki, ta ɗora da'awa, kuɗin tallar fitowar ya karkata zuwa wani wuri. Sau da yawa mawaƙin ma bai san an yi ba. Na'urar ba ta san wanda ya biya kuɗin situdiyo ba, wanda ya riga yin rajista ta sani.

Ana iya ƙalubalantar da'awar, kuma mai da'awa na da kwana 30 ya amsa. In aka shigar da ƙalubalen cikin kwana 5 da ɗora da'awar, ana riƙe kuɗin tun daga ranar farko har a warware. In aka wuce kwana 5, daga ranar ƙalubalen za a fara riƙewa, na baya ya tafi. Amma ƙalubale ba hujja ɓata lokaci ne. Maganin tun kafin ɗauka ake yin sa: takarda da sa hannun mawaƙi da mai kiɗa, mai faɗin cewa an yi waƙar don wannan fim, kamfanin na da ikon amfani da ita a tasharsa, kuma in za a kai ta wajen masu rarrabawa sai an sa tashar kamfanin cikin jerin waɗanda aka yafe wa. Haka kiɗan bayan fage. Mai editin da ya ciro kiɗan tashin hankali daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ya jawo wa maigidansa da'awa daga kamfanin da ba zai saurari roƙo ba. A sa mai kiɗa ya buga na shirin, ko a ɗauko daga rumbun sauti na kyauta da ke cikin YouTube Studio.

Da'awa daban, jan kunnen haƙƙin mallaka daban. Da'awa kuɗi take ci, tasha na nan lafiya. Jan kunne kuwa yana zuwa ne idan mai abu ya nemi a sauke bidiyo, yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma uku a tare suna iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Wannan makami yana yi wa furodusa aiki shi ma. Tashar da ta shiga tsarin biyan kuɗi tana samun shafin da ke nuna mata wasu tashoshin da suka sake ɗora bidiyonta, ta nemi a sauke. Yana aiki sosai a cikin YouTube, da sharaɗin kai ka fara ɗorawa, shi ya sa bai kamata fim ya fita daga ɗakin editin zuwa wayar kowa ba kafin ya hau tasha. A wajen YouTube kuwa, a Telegram da shagunan tura fim, ba ta da abin da za ta yi maka. Wannan rauni ne na gaske, kuma babu gyaransa a hannunta.

Ta fuskar ɗora fim, aikin YouTube ba laifi. Fayil ɗin MP4 mai girman 1080 a kan megabit 8 cikin daƙiƙa, wanda shi ne abin da YouTube ke ba da shawara, yana kai wajen gigabait 3.6 a awa guda. Ba a buƙatar fiye da haka ga masu kallon da yawancinsu a waya suke kallo, suna rage ingancin hoto don data ta kai su ƙarshe. Abin da ba sa yafewa shi ne sauti. YouTube tana rage ƙarar bidiyon da ya cika ƙara, amma ba ta gyara muryar da janareto ya danne ko wadda iska ta kwashe. Kuɗin da za a ƙara wa kyamara gara a ba mai ɗaukar sauti. A ɗora fitowa aƙalla kwana ɗaya kafin ranar saki, a ɓoye, don na'ura ta gama binciken haƙƙin mallaka da na dacewa da talla. In alamar dala ta fito ruwan ɗorawa maimakon kore, talla za ta ragu ƙwarai, kuma jini a hoton fuskar bidiyo ko kalmar kisa da fyaɗe a sunan bidiyon sukan jawo haka. Ana iya neman mutum ya sake dubawa, amma yana ɗaukar lokaci, don haka a yi kafin saki. A kuma sani ba a musanya fayil bayan an ɗora. Ana iya datse wani yanki, amma in kuskuren babba ne sai dai a goge a sake, kallo da sharhi su tafi.

Fassarar Turanci da aka saba mannawa a jikin hoto gara a ɗora ta a fayil na daban. Mai so ya kunna, marar so ya kashe, in an ga kuskure a gyara ba tare da taɓa fim ba, kuma ana iya ƙara ta Faransanci saboda masu kallo a Nijar da Kamaru da Chadi, ko ta Larabci saboda Sudan da Saudiyya.

Sai maganar mallakar tasha, wadda ta raba abokan aiki da yawa. Furodusa ba ya son wahalar kwamfuta, sai ya ce wa yaron da ke masa editin ya buɗe. Yaro ya buɗe da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya haɗa da AdSense ɗinsa. Ranar da aka saɓa, a idon YouTube tashar ta yaron ce, kuma babu shaidar unguwa da za ta canza haka. Furodusa ya buɗe da kansa, da imel ɗin kamfani da layin da ke hannunsa, sannan ya ba ma'aikata izinin manaja ko na mai gyara daga cikin saituna, ba tare da ya ba kowa kalmar sirri ba. Haka wanda zai ɗora fim ɗinsa a babbar tashar wani don ya ci moriyar mabiyanta: dabara ce mai kyau ga sabon shiga, amma a rubuta rabon, a rubuta tsawon lokacin, a kuma ba shi izinin ganin alƙaluman da idonsa. Masu ƙwace tasha kuma hanyarsu sananniya ce: saƙon imel da sunan kamfani mai son ba da talla, da fayil a maƙale wai takardar yarjejeniya. Ana buɗewa a kwamfutar da tashar ke kai, sun shige. Irin wannan fayil ba a buɗe shi a kwamfutar aiki.

Kasancewar fim a intanet bai fitar da shi daga hannun hukuma ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar a kawo mata shiri ta duba kafin a sake shi, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda rashin bin wannan ƙa'ida, har da manya da ake ji da su. Ga tashar da ta saba wa mutane da fitowa duk mako, tsayawar mako biyu asara ce mai ciwo. Lokacin tacewa da kuɗinta su shiga kasafi tun farko, kuma kada a fara saki sai akwai fitowa huɗu zuwa shida a ajiye, an gama editin an tace. Masu ɗauka ranar Litinin su saki ranar Laraba su ne ciwon jarumi ɗaya ko ruwan sama ɗaya ke tsayar wa shiri.

Abin da ke cike giɓin da tallar YouTube ta bari shi ne tallar da furodusa ya nemo da ƙafarsa: masu sayar da filaye, masu atamfa da leshi, masu turare, makarantu. YouTube ba ta karɓar ko kwabo daga wannan, abin da ta nema kawai a danna akwatin da ke sanar da mai kallo cewa akwai tallar da aka biya. Wannan kuɗi yana zuwa kafin saki, da naira, a hannu, kuma shi ke sallamar ma'aikata kafin dala ta iso. Alƙaluman YouTube Studio su ne hujjar ciniki: a nuna wa mai talla yawan masu kallo, garuruwansu, shekarunsu, maza ne ko mata, maimakon a ce masa "ai shirinmu ya karɓu". A yi hattara da masu maganin da ke cewa suna warkar da kowace cuta, domin irin wannan iƙirari na iya jawo wa tasha jan kunne. Kuma tallar minti shida kafin fim ya fara tana korar mutane, jadawalin da ke nuna inda masu kallo suke ficewa zai nuna haka ƙarara. Daƙiƙa 30 zuwa 45 a farko, sauran a raba a tsakiya.

Ga mai fim guda ɗaya na awa biyu, YouTube ta zama zangon ƙarshe: a fara da sinima in an samu, sai gidan talabijin ko manhajar da ake biya kafin a kalla irin Northflix, sannan a kawo shi nan ya ci gaba da kawo ɗan abin da zai kawo shekara da shekaru. A kula da yarjejeniyar da za a sa wa hannu da gidan talabijin, a tabbatar ta faɗi ranar da haƙƙin ɗorawa a intanet zai dawo hannun furodusa, domin in gidan ya riga ya ɗora a tasharsa, kwafin furodusan ne zai zama na biyu a idon na'ura. Ga mai shiri mai dogon zango kuwa, a yanzu babu wata kafa da ta kai ta isa ga Bahaushen Kano da na Kumasi da na Jidda a dare ɗaya. Kafin a kira jarumi na farko, a tabbatar tasha da AdSense suna da sunan furodusa, takardar mawaƙa na cikin fayil, an samu mai talla aƙalla ɗaya da ya biya na zangon farko, kuma kuɗin da ke hannu zai kai fitowa ta goma sha biyu ko da dala ɗaya ba ta shigo ba.